Durán ko Watkins: a riƙe ɗan wasan gaban da ke benci, ko a karɓi kuɗi?

Dan_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Ga tambaya ga masana. Duk sanda aka buɗe kasuwar 'yan wasa, rabin jita-jitar a kan lamba 9 na biyu take: ƙungiya kaza na neman mai taimaka wa ɗan wasan gabanta, wane ya gaji da zaman benci. Mu ɗauki Aston Villa a Janairun 2025. Suna da Ollie Watkins mai shekara 29 yana fara wasa, suna da Jhon Durán mai shekara 21 yana shigowa canji yana ci. A mako guda Arsenal ta taya Watkins, Al-Nassr ta taya Durán. Villa ta ce Watkins ba na sayarwa ba ne, ta sallama Durán a kan kusan fam miliyan 64. Ni a ganina sun yi baibai, sun sayar da yaro sun riƙe wanda ya doshi 30. Ko akwai abin da ya shige mini duhu?

Gunner_Zage:
Wa alaikumus salam. Baibai kam sun yi. Yaron da ya shigo canji ya ci West Ham, ya ci Leicester, ya ci Everton daga nesa, ya ci Wolves, sannan ya ɗaga wa Neuer, golan Bayern Munich, ƙwallo ta sama a Villa Park ranar 2 ga Oktoba 2024? Da sun ba mu Watkins kowa ya huta.

Malam_Lissafi:
Malam Dan_Tudunwada, abin da ya shige maka duhu yana cikin littafin kuɗi, ba a fili yake ba. Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi gaba ɗaya a shekarar da aka saya, rarraba shi ake yi a kan tsawon kwantiragi. Misali ka sayi yaro fam miliyan 15 da kwantiragin shekara biyar, duk shekara miliyan 3 ke fita a lissafi. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi ta koma miliyan 9. In ka sayar da shi 64, ribar da za ka rubuta nan take ta haura 50, kafin a cire kason tsohuwar ƙungiyarsa in akwai, da kashi 5 cikin 100 da FIFA ta wajabta a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Villa ta ɗauko Durán daga Chicago Fire a Janairun 2023 a kan abin da bai kai fam miliyan 20 ba har da tsarabe-tsarabe. Ga dokar Firimiya ta lokacin da ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, ga ta UEFA da ke ƙayyade kason kuɗin shiga da za a kashe wa albashi da sayayya. Ƙungiyar da aka matse haka, aka taya mata ɗan benci da wannan farashi, ba ta da ta cewa.

Hajjo_Blues:
To ai Watkins ma riba ce, Malam. Tun 2020 suka saye shi daga Brentford, darajarsa a littafi ta zube.

Malam_Lissafi:
Haka ne Hajiya, amma sai ki duba abin da za a rasa. Watkins ya ci 19 ya bayar aka ci 13 a Firimiya kakar 2023/24. In ya tafi ana saura kwana huɗu a rufe kasuwa, dole a sayo wanda zai fara wasa, kuma duk mai sayarwa ya san kin riƙo kuɗi kina cikin matsi. In Durán ne ya tafi, mintunan da ake buƙatar cikewa kaɗan ne, aro ma ya isa. Shi suka yi: Rashford da Asensio aro, ga Malen da suka riga suka saya daga Dortmund.

Koci_Gwammaja:
Bari in shigo ta ɓangaren fili, don akwai ruɗin da ake yawan faɗawa. Ana ɗauko ƙwallayen ɗan canji a raba da mintunansa, sai a ce ai duk minti 80 yana ci, wanda ke farawa kuwa sai minti 170. Wannan lissafin yana da ramuka uku.

Na ɗaya, yawancin masu ƙididdiga ba sa sa ƙarin lokaci. Wanda ya shigo a minti na 75 za a rubuta masa minti 15, alhali in alƙalin wasa ya ƙara 7 ya buga 22 ke nan. Na biyu, yana samun 'yan baya da suka yi gudun sa'a guda da kwata, wataƙila ɗaya na ɗauke da katin gargaɗi ba zai iya sa ƙafa ba. Na uku kuma shi ne babba: yanayin wasa. Ana sako shi ne ko dai ana neman ci ido rufe, kowa ya hau gaba ana ta jefo ƙwallo cikin da'ira, ko kuma ana gaba abokan hamayya sun buɗe baya. Duka biyun aljannar mai cin ƙwallo ce. Wanda ya fara wasa kuwa shi ke cin wuyar minti 60 na farko, lokacin da 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya ke a jere ba ko ƙofa.

Aikin da kocin Villa, Emery, ke so daga mai farawa ya haɗa da matsa wa masu tsaron baya ta ɓangaren da aka tsara, toshe hanyar da ƙwallo za ta bi zuwa lamba 6, da gudu ta gefe don buɗe wa Rogers tsakiya. Watkins na yin wannan ba gajiya. Durán ɗan harbi ne, da ya ga raga sai ya saki ƙafar hagu ko daga ina. A minti 20 na ƙarshe wannan alheri ne. A minti 90 cur, asarar ƙwallo ce sau da yawa.

Yaro_MaiKwallo:
Koci, amma an fara da shi a wasan Bologna ya ci ai.

Koci_Gwammaja:
Ya ci. Aka cire shi aka sa Watkins, ya je benci yana dukan kujera kyamara na ɗauka. Aka fara da shi a Newcastle ranar 26 ga Disamba, jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, dakatarwar wasa uku. Ban ce ba ya da baiwa ba, ɗan'uwa. Cewa na yi ɗan canji nagari sai ya haɗa abu biyu: ƙafa da haƙuri. In ɗaya ya ɓace, zamansa a ƙungiya na ɗan lokaci ne.

Dattijo99:
Yaran zamani ke nan. A 1998 Manchester United ta amince da tayin Tottenham na fam miliyan 5.5 a kan Solskjær, shi ya ce ba inda za shi, alhali ga Yorke ga Cole ga Sheringham. Fabrairun 1999 ya shigo bayan minti 70 a gidan Nottingham Forest ya zuba huɗu, aka tashi 8-1. A watan Mayu a Camp Nou, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, ya canji Cole a minti na 81, sauran labarin ko 'yan Bayern sun haddace. Ferguson kan ce yana zaune a benci yana karanta wasan, ba kallo kawai yake yi ba. Kafin ya shigo ya riga ya san wane ɗan baya ne ke jinkirin juyawa.

Zinder_Madrid:
Baba Dattijo, a zamaninmu ma akwai. Joselu, aro daga Espanyol zuwa Real Madrid yana da shekara 33. Ya shigo minti na 81 da Bayern ranar 8 ga Mayu 2024, ya ci a 88 da 90+1. Bai taɓa ɗaga murya don benci ba.

Hajjo_Blues:
Joselu ai hujja ce a kan Dan_Tudunwada, ba tare da shi ba. Ku duba waɗanda suka zauna lafiya a wannan matsayi. Ko dai dattijo ne da ya gama yawo yana son kofi, irin Joselu da Giroud a Chelsea, ko yaro ne daga makarantar ƙungiya da bai fara ƙorafi ba tukuna. Wanda ba ya zama shi ne na tsakiya, mai shekara 21 zuwa 26 da ya san wata ƙungiyar za ta ba shi lamba 9 da ninkin albashi. Julián Álvarez ya ci kofin duniya, ya ci kofi uku da Manchester City a kaka ɗaya, ya buga wasanni da yawa ma, amma duk babban wasa in Haaland na lafiya ya san inda zai zauna. Agustan 2024 ya tafi Atlético a kan Yuro miliyan 75 da tsarabe-tsarabe. City ta saye shi kusan fam miliyan 14 daga River Plate. Kusan lissafi ɗaya da na Durán.

Gunner_Zage:
Kuma City ta ji a jikinta a kakar da ta biyo baya.

BabanKhalifa:
Raunin Rodri ne ya karya City, kada a ɗora wa tafiyar Álvarez duka.

Ni ɓangaren jita-jitar nake so a taɓa, don mai tambaya da ita ya fara. Dalilin da ya sa sunan ɗan benci ya fi yawo shi ne kowa na da riba in an ambace shi. Wakilinsa na son ɗaya daga biyu: sabon kwantiragi ko ciniki, duka akwai la'ada. Ƙungiyarsa na son a san yana kasuwa ba tare da ta furta ba, don da ta furta farashi ya faɗi. Mai saye kuma wani lokaci yana sakin sunansa ne don ya tsorata wata ƙungiyar da suke ciniki da ita a kan wani ɗan wasan daban. Tamkar dillali a kara ne da zai ce maka yanzu wani Alhaji ya taya saniyar nan, alhali ba wanda ya taya.

Ku tuna Durán ɗin nan a bazarar 2024. An yi ta cewa West Ham, har ya harɗe hannuwa ya yi alamar guduma ta ƙungiyar a bidiyo kai tsaye, an kuma ambaci Chelsea. Ina aka ƙare? Ya ci West Ham ɗin a makon farko, a Oktoba ya sa hannu a sabon kwantiragi zuwa 2030. Mutane suka ce shi ke nan ya zauna. Wata uku da 'yan kwanaki aka sayar da shi. Sabon kwantiragi ga ɗan benci sau da yawa ba alkawarin zama ba ne, kare farashi ne: a ƙara masa albashi ya yi shiru, ƙungiya kuma ta samu ƙarfin cewa ba ta sayarwa sai an kawo abin da take so.

Yaro_MaiKwallo:
To Baban Khalifa, ta yaya mutum zai gane labarin da ke da tushe?

BabanKhalifa:
Ka duba matakin da labarin ya ce an kai. "Suna bibiyarsa" ba komai ba ne, kowace babbar ƙungiya na da sunaye biyar zuwa goma a kowane gurbi. "Sun tuntuɓi wakilinsa" ya ɗan fi, amma wayar minti biyar ma tuntuɓa ce. Magana na fara nauyi in an ce an miƙa tayi a rubuce kuma 'yan jaridar ɓangarorin biyu sun faɗa, wato masu bin ƙungiyar da ke saye da masu bin wadda ke sayarwa. Daga nan sai a daidaita kan yadda za a biya, don miliyan 60 a dunƙule da miliyan 60 kashi huɗu cikin shekara uku ba ɗaya ba ne, kuma a nan ciniki da yawa ke mutuwa ba a kan jimillar ba. Sai albashin ɗan wasa da la'adar wakili, sai gwajin lafiya, sai shigar da bayanai a na'urar FIFA inda dole abin da ƙungiyoyin biyu suka rubuta ya zo daidai kafin a saki takardar izinin sauya ƙasa. A Ingila akwai ƙarin izinin aiki mai tsarin maki ga duk baƙo tun 2021.

Sannan ka duba adadi. Tayin Arsenal a kan Watkins wasu sun ce fam miliyan 40, wasu 60. In ka ga rata irin wannan, kowane ɓangare ne ke faɗin abin da zai wanke shi wurin magoya bayansa.

Sarkin_Benci:
A ƙara da cewa ko an kai matakin ƙarshe yana rushewa. Loïc Rémy ya je gwajin lafiya a Liverpool a 2014 ciniki ya watse, ƙarshen Agusta ya koma Chelsea ya zama mataimakin Diego Costa. Demba Ba ya faɗi gwaji a Stoke a Janairun 2011 saboda gwiwa, West Ham ta ɗauke shi, daga baya ya yi ta ci a Newcastle. Ziyech na Chelsea yana Paris zai koma PSG aro a daren rufe kasuwar Janairun 2023 takardu ba su isa a kan lokaci ba. Na Odemwingie kuwa a 2013, da ya tuƙa mota har ƙofar QPR ba tare da West Brom ta amince ba, wannan ba sai an tuna wa 'yan Najeriya ba.

Gunner_Zage:
Ku bar tone-tone. Abin da ke ƙona mini rai shi ne lokacin da muka kai tayin Watkins. Gabriel Jesus ya tsinka jijiyar gwiwa tun 12 ga Janairu. Aka zauna har 29 ga wata, ranar da Villa ke da wasa da Celtic a Gasar Zakarun Turai, kuma cinikin Durán ya riga ya nuna. Wace ƙungiya ce za ta sayar da lamba 9 biyu a mako ɗaya? Aka rufe kasuwa, Havertz ya ji rauni a cinya a atisayen Dubai, muka ƙare da Merino a gaba. Kuma mu da hannunmu muka sayar da Nketiah ga Crystal Palace a Agustan 2024.

Hajjo_Blues:
Merinon ai ya shigo canji ya ci Leicester biyu.

Gunner_Zage:
Leicester da ta faɗi a kakar. Hajiya ki bar zolaya.

Sarkin_Benci:
Abin da Gunner ya faɗa shi ne asalin yadda kasuwar lamba 9 take, sarƙa ce. Misali mafi tsafta 31 ga Janairu 2018. Arsenal na son Aubameyang, Dortmund ta ce sai ta samu madadi. Madadin shi ne Batshuayi, ɗan bencin Chelsea, Chelsea ta ce sai ta samu wanda zai zauna bayan Morata. Wannan kuma Giroud ne, ɗan bencin Arsenal. Ciniki uku a rana ɗaya: Aubameyang fam miliyan 56, Giroud 18, Batshuayi aro. Da ɗaya ya faɗi gwajin lafiya duka ukun sun rushe. Don haka in ka ji jita-jitar babban ɗan wasa, kada ka tsaya kansa, ka nemi labarin wanda zai maye gurbinsa. In babu motsi a can, da wuya na nan ya tabbata.

Kuma Giroud ɗin da aka saya don benci ya ci 11 a gasar Europa ta 2018/19, har da ta wasan ƙarshe a Baku a ragar Arsenal. A Firimiya ƙwallo 20 ya ci a matsayin ɗan canji, Defoe kaɗai ya fi shi da 24.

Dattijo99:
Tottenham ce ta fi kowa sanin wuyar wannan gurbi. Wa zai yarda ya zo bayan Kane? Janssen ya zo daga AZ a 2016 yana sarkin ƙwallayen Holan, kusan fam miliyan 17, ya ƙare da ƙwallo biyu a Firimiya. Vinícius na Benfica aro ya zo ya koma. Llorente ne kaɗai ya biya kuɗinsa, da ƙwallon da ya fitar da City a 2019 da yadda ya hana 'yan bayan Ajax sakat bayan hutun rabin lokaci.

Koci_Gwammaja:
Baba ya kawo misali mai kyau, don Llorente ya nuna abin da ya kamata a nema: ba kwafin mai farawa ba, wanda zai canza tambayar da ake yi wa 'yan baya. In mai farawa ɗan gudu ne, na benci ya zama dogo mai riƙe ƙwallo da sa kai. Amma da sharaɗi, in ka sako dogo dole ka canza yadda ƙwallo ke zuwa. Sau da yawa za ka ga koci ya sako mai tsawon kusan mita biyu, ya kuma cire ɗan gefen da ya iya kurosin a canji ɗaya. Sai dogon ya yi minti 15 bai taɓa ƙwallo sau huɗu ba, gobe a ce ba ya da amfani.

Dokar canji biyar ma ta sauya lissafin. An fara ta a 2020 lokacin korona, Firimiya ta tabbatar da ita daga kakar 2022/23, amma sau uku kawai za ka tsayar da wasa, ban da hutun rabin lokaci. Shi ya sa ake sako mutum biyu ko uku a tare wajen minti 60 zuwa 65, a ajiye dama ɗaya saboda rauni. Lamba 9 na biyu yanzu yana iya samun minti 25 zuwa 30 kusan kowane wasa. Illar ita ce jiki: wanda ke buga minti 25 a mako ba ya da ƙarfin minti 90, shi ya sa bayan an tashi za ka ga 'yan benci na gudu a fili, washegari kuma a yi musu atisaye mai nauyi su kaɗai. In aka yi sakaci da wannan, ranar da mai farawa ya ji rauni aka ɗora masa wasa uku a kwana takwas, tsokar bayan cinya ce ke fara tafiya.

Zinder_Madrid:
Akwai kuma rajista, wadda masu jita-jita ba sa kawowa. UEFA sabbin 'yan wasa uku kacal take bari a ƙara bayan kasuwar Janairu. Villa ta sa Rashford, Asensio da Disasi, Malen da aka saya da kuɗi ya kalli wasan PSG daga waje. Wato an sayar da Durán, shi kuma Malen da ya fi kama da madadinsa ba ya cikin jerin Turai.

Dan_Tudunwada:
Yauwa! Zinder ya dawo da ni kan maganata. PSG ta fitar da su 5-4 jimilla, Palace ta doke su 3-0 a kusa da ƙarshen kofin FA, suka rasa gurbin Zakarun Turai da bambancin ƙwallaye, maki 66 daidai da Newcastle. Ƙwallo ɗaya ta minti na 85 a wani wasan da aka yi canjaras ta isa. Kuɗin shiga gasar Zakarun Turai bai kai abin da aka karɓa a kan Durán ba?

Malam_Lissafi:
Zai iya kusantarsa, amma kana auna tabbas da wataƙila. Kuma sakamakon Villa a Firimiya bayan tafiyarsa ya fi na kafin tafiyarsa, a watanni biyun ƙarshe kusan kowa suka doka. Wasan Old Trafford na ranar ƙarshe jan katin Martínez da ƙwallon Rogers da aka hana ne suka kashe shi, ba rashin ɗan canji ba.

BabanKhalifa:
Sannan Durán bai yi wata shida a Saudiyya ba aka ba da shi aro ga Fenerbahçe. Da Villa ta jira bazara, babu tabbacin za a sake taya shi 64.

Yaro_MaiKwallo:
Ni dai har yanzu ina ganin da an haɗa su biyun a gaba, 4-4-2, a ajiye Rogers a hagu.

Koci_Gwammaja:
Emery ya gwada na 'yan mintuna a wasu wasannin. Matsalar duka biyun suna son tsayawa a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, babu mai saukowa ya karɓa tsakanin layuka, sai Tielemans ya rasa wanda zai ba. In za a yi biyu a gaba, dole ɗaya ya yarda ya zama lamba 10 idan ƙwallo na hannun abokan hamayya.

Sarkin_Benci:
Wani ya kawo mana lissafin Ighalo a Manchester United mana, tunda ana maganar aron Janairu. Daga Shanghai Shenhua a ranar rufe kasuwar 2020 bayan Rashford ya ji rauni a baya, ƙwallo biyar, duka a Europa da kofin FA, babu ko ɗaya a Firimiya. Wannan riba ce ko asara?

Hajjo_Blues:
Riba. An ɗauko shi ne don Martial ya huta ranar Alhamis, kuma ya huta. Sai dai tsawaita aron zuwa Janairun 2021 ne ban ga amfaninsa ba, tunda Cavani ya zo a Oktoba.

Gunner_Zage:
Mu ko irin Ighalon ba mu samu ba a 2025. Malam Lissafi, fito mana da littafin Arsenal mu ga inda kuɗin Nketiah ya shiga.